Dakta Lawali da Ɗan Mutane

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsi labarin ya same ni, ina tsakar gidana a Bodinga ina tsinkar zogale. Waya ta yi ƙara, na goge hannu na ɗauka. Dakta Nafisa ce, likitar yara a asibitin da na yi aiki a ƙasar Shagari. Mace ce mai doguwar gaisuwa, sai ta tambayi kowa har awakina kafin ta faɗi abin da ya sa ta kira. Ranar kuwa sallama kawai ta yi. Na ce, "Dakta, lahiya?" Ta ce, "Gwaggo Hajo, Baba ya cika." Ban tambaye ta wane Baba ba. Mutum ɗaya ne dukanmu muke kira haka, daga likitoci har masu gadi: Dakta Lawali, mutumin Dingyadi. Jinyarsa ba ta yi tsawo ba, a Sakkwato ya yi ta. Bayan azahar aka yi masa sutura a garinsu.

Na tafi gidan da zuciya mai nauyi, na tarar da abin da ban saba gani a zaman makoki ba. Mata cike da tsakar gida, ana share hawaye, amma duk wadda ta buɗe baki ta ba da labarinsa sai a ji dariya ta kuɓuce wa mutane. Wata dattijuwa ta tsawata, ta ce a ji tsoron Allah. Matarsa, Hajiya Kulu, ta ɗago kai ta ce, "Bar su, Inna. Da shina nan, da shi za a yi."

Ni ba malamar jinya ba ce. Karatuna na allo ne, a zauren mahaifina na sauke, boko kuwa sai da na girma na ɗan taɓa. Aikina a asibiti shi ne hidimar ɗakin mata da yara: shara, gyaran gado, kiran marasa lafiya bi da bi, da tsayawa kusa da mace idan likita namiji zai duba ta. Wannan tsayuwar ce ta sa na yi shekara da shekaru ina kallon yadda marigayin yake aiki. Dakta Nafisa ta roƙe ni in rubuta abin da na gani saboda yaran da ke karatun likita. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa. In na ƙara ko na rage, Allah ya yafe mini.

Bai taɓa rubutu mara lafiya yana magana ba. Sai ya ajiye biro, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. In dattijo ne ya shigo, Baba yakan bar kujerar ya koma kan benci don kada ya fi shi tsawo. Manomi kuwa sai an fara da gona: ya ruwa, gero ya fid da kai, albasar bara ta yi kasuwa? Wanda bai sani ba sai ya ce hira ce. Alhali yana riƙe da wuyan hannun mutumin yana jin bugun jini, yana kallon farin idonsa, yana sauraren ko numfashi na yanke masa magana. Kafin a gama zancen albasa ya san rabin ciwon. Abin sauraren ƙirjin da yake ratayawa a wuya, sai ya murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi kafin ya ɗora wa yaro. Magani kuma ba ya cewa safe da yamma. Sai ya ce, "Ɗaya in kin sallame asuba, ɗaya in kin sallame isha'i. In kin manta magani, to, ki bincika sallarki." Matan su yi ta dariya, amma ba sa mantawa.

Yana da wata magana da yake yawan yi: "Ciwo gida na mai ƙohwa. Wanda bai yi sallama ba, a waje shika kwana." Amma kada wani ya ɗauka mutum ne mai sanyi a kan aiki. Na ga ranar da ya sa aka sake ɗinkin rauni gaba ɗaya don bai kwanta masa ba, mai ɗinkin yana ta ba da haƙuri. Ya ce masa, "Haƙurinka na karɓa, amma ƙafar ba ta karɓa ba."

Lokaci lokaci akan turo mana ɗaliban likita daga Sakkwato su zauna da mu su ga aikin karkara. Wata damina aka turo biyu da ba zan manta da su ba. Ɗaya ita ce Nafisa, a lokacin yarinya ce siririya, a birni ta tashi, a makarantar kwana ta girma. Kanta yana ja, hannunta kuma Allah ya yi masa baiwa: jijiyar da ta ɓuya wa kowa, ita sai ta shafa sau ɗaya ta same ta. Sai dai gaisuwarta gajera ce, tambayarta kuma kamar ta alƙali. Na biyun Bashiru ne, mai faɗin fuska da bakin zuma. Kwana kaɗan da zuwansa tsofaffin garin suka fara kawo masa gyaɗa. Amma in ya ɗauki allura, yara har na gadon ƙarshe sai su fara kuka. Na nemi izinin su biyun kafin in rubuta wannan. Bashiru ya ce in rubuta, amma in ce ya gyaru.

Wata ranar kasuwa, layi har bakin ƙofa saboda zazzaɓin damina, wata tsohuwa ta shigo goye da yaro wanda bai kai yaye ba. Daga wata ruga ta wajen Horo Birni suke. Bayanta wata ƙaramar mace ce, ta ja mayafi ta tsaya jikin ƙofa tana kallon bango. Nafisa ce ke zaune a teburin, Baba yana ɗakin kusa yana duba wani.

Nafisa ta dubi ta bakin ƙofa ta ce, "Ke ce uwarsa?"

Yarinyar ta kawar da kai.

"Yaya sunansa? Tun yaushe ne ba shi da lafiya?"

Yarinyar ta ƙara juya fuska. Tsohuwa ta karɓe zancen ta ce, "Dikko na sunanai. Jikana na. Masassara ta, yau da sahe anka ce min jikinai da zahi."

Nafisa ta taɓa goshinsa yana goye, barci yake yi. Aka ɗiga jininsa a abin gwaji, ya nuna zazzaɓin sauro. Ta rubuta maganin sha, ta ce a ba shi a gida, in bai ji sauƙi ba a dawo. Da tsohuwa ta juya, Nafisa ta ce mini a hankali, "Gwaggo, wasu iyayen sai addu'a. Ɗanta ba lafiya, ko kallonsa ba ta yi."

A wajenmu, musamman a rugage da ƙauyuka, mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta goya shi a gaban surukai, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na ƙuna. Nafisa ta san da wannan al'ada, amma a matsayin abin tsokanar kakanni. Ba ta zaci zai biyo mutum har ɗakin likita ba. Ni ma da nake tsaye, na ga kunya ce, amma ban kawo komai a raina game da ciwon ba.

Daidai nan Baba ya fito. Tsohuwa ta riga ta kai baranda, amma yarinyar ba ta motsa daga jikin ƙofa ba, kamar an dasa ta. Ya dube ta sau ɗaya ya kawar da kai, ya matso kusa da ni ya ce ƙasa ƙasa, "Malama, dubi gaban rigar yarinyar ga." Na duba. Ya jiƙe sharkaf da ruwan nono, har ya bushe ya sake jiƙewa. Ya ce, "Yaron da ke shan mama ba ya barin uwa haka. A maido su."

Aka maido da tsohuwa tana mita. Baba ya gaishe ta da girmamawa, ya tambayi shanu, ya tambayi hanya. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Bashiru! Tsohuwa ta sha tahiya, a auna mata jini."

Bashiru ya leƙo, ya dubi Baba, ya gane. Ya tafa hannu ya ce, "A'a! Amaryata! Ashe kina garin ga ba ki neme ni ba?"

Tsohuwa ta ce, "Kai tahi can, miji ba ko goro."

"Goro na nan tahe. Amma ni ba ni auren wadda ban san hawan jininta ba. Sauke kishiyata mu je."

"Wanga ba kishiya ba na, shi na mijin kirki. Kai ko akuya ba ka da."

Tana zaginsa tana kwance goyo. Ta miƙo mini yaron, Bashiru ya ja ta zuwa can ƙarshen baranda. Da na karɓe shi gabana ya faɗi. Ba barci yake yi ba. Jikinsa ya saki kamar tsumma.

Baba ya tura ƙofa. A kusurwar ɗakin akwai bokiti mai famfo inda ake wanke hannu. Ya je can ya ba mu baya, ya buɗe ruwa, ya ɗauki sabulu. Bai dubi yarinyar ba, bai ce ɗanki ba. Ya ce, yana kallon bango, "Malama Hajo, tambayi baƙuwarmu. Yaron ga na gidansu, ko ta ji mutane na hwaɗin yadda ya kwana?"

Na matsa kusa da ita na maimaita. Ruwa yana ta zuba. Can sai ta yi magana, muryarta kamar ta mai raɗa, ita ma bangon take kallo.

"Ɗan mutane dai, tun shekaranjiya bai kama mama ba. In an ba shi ruwa shi maido. Jiya ya sanƙare, ido ya kahe, kumfa ga baki. Yau da asuba ya ƙara. Fitsarinai kamar baƙin shayi."

"Tsohuwa ta sani?"

"Ba ni iya hwaɗa mata."

Ba abin da ya wuce ta. Ta san sau nawa ya yi amai, ta san wane gefe ya fara karkarwa, ta san jiƙon da aka ba shi da wanda ya ƙi haɗiyewa. Duk wannan tana ɗauke da shi tun daga ruga, a bayan surukarta, ba ta da inda za ta sauke.

Baba ya rufe famfo. Daga nan kuma wani mutum ne daban. Ya shimfiɗa yaron a gado, ya ja fatar idonsa, fari fat kamar auduga. Ya danna ciki, ya saurari ƙirji, ya ce zazzaɓin ya yi tsanani, ya shanye jini, maganin sha ba zai zauna ba, in aka koma da shi ruga ba lalle ya kai gobe ba. Ya aika a auna yawan jininsa da sukari, ya ce a kawo allurar jijiya. Aka ɗaure hannun yaron, jijiya ta ƙi fitowa. Baba ya gwada sau ɗaya bai samu ba. Ya juya ya ga Nafisa a tsaye jikin tebur, fuskarta ta yi toka.

Ya ce, "Ɗiyata, taho. Hannunki ya hi nawa."

Ta ce, "Baba, ni ce na sallame su."

"Na sani. Wannan zance na anjima. Yanzu jijiya nika so."

Ta yi bisimilla ta durƙusa. Ta bar hannun, ta koma ƙafa, ta shafa kusa da idon sawu, ta rufe ido tana laluba da yatsa. Ni dai ina riƙe da ƙafar ina karanta abin da ya zo bakina. Sai ga jini ya biyo allura. Baba ya ce, "Madalla. Ɗaure." Aka tura magani, aka rataya ruwa.

Saura jini, don awo ya nuna sai an ƙara masa. Uwar ba ta da ƙarfin bayarwa. Na ce ko a aika ruga a kira uban. Baba ya leƙa taga ya yi murmushi ya ce, "Ba sai an aika ba." Can ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, wajen shingen asibiti, wani saurayi ne da sanda a kafaɗa da malfa, ya ba asibitin baya yana kallon hanya, kamar mai jiran mota. Tun safe yake wurin. Shi ma kunyar ce ta hana shi shigowa.

Baba ya fita da kansa, na bi shi da nisa. Ya yi sallama, suka gaisa, ya tambayi garke. Sannan ya ce, "Samari, wani bawan Allah na ciki, ƙarami, jini shika so. Ba mu san ko za a samu mai sadaka ba."

Kafin ya rufe baki saurayin ya jingine sanda ya fara naɗe hannun riga. Ya ce, yana kallon ƙasa, "In dai sadaka ta, ba komi."

Baba ya ce, "Sadaka ta. Ba ka ma san mai ita ba."

"Awo. Ban san shi ba."

Aka gwada, jininsu ya dace. Da za a ɗiba ya ce a ɗebi da yawa, shi bai ga amfanin ragowar ba.

Washegari da la'asar ina gyaran gado sai na ji wani ƙaramin kuka, siriri, na mai jin yunwa. Na ja labule na kewaye gadon, na ce wa tsohuwa mijinta Bashiru na nemanta. Da ta fita, uwar ta zo ta zauna, ta ɗauke shi. Na ba su baya ina ninke zanen gado, ina jin yadda yake haɗiya. Na daɗe a duniya, amma ban ji sauti mai daɗin wannan ba.

Zancen anjima da Baba ya ce, ya yi shi a gabana, a baranda, yana ɓare gyaɗar da aka kawo wa Bashiru. Nafisa ta ce ita ta ga ba ta dace da aikin nan ba, gara ta nemi fannin da ba a magana da mutane. Ya ce, "Abin da anka gaya miki, maganinai kinka rubuta, littahi bai kama ki ba. Laihinki biyu. Kin duba yaro shina goye, ba ki sa an sauke shi ba. Kuma wadda ta san ciwon tana tsaye, ba ki yi mata wurin da za ta hwaɗi ba. Dukansu ana koyo. Hannun ga naki kuwa, ba ni bari ki kai shi inda babu yara."

Bashiru yana gefe yana murmushi, don yana ganin shi ne gwanin ranar. Baba ya juyo ya ce, "Kai kuma, da kai kaɗai na ɗakin, da tsohuwa ta koma gida tana dariya, yaro ya tahi lahira. Dariya ba ta samun jijiya." Nan take ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa masa. "Ɗauko allura. Hwara da ni, ni ba ni kai ƙara." Har suka koma Sakkwato, hannun Baba bai rabu da tabo ba. Yakan nuna wa mutane ya ce aikin mijin tsohuwa ne.

Nafisa kuwa ya hana ta teburi da safe. Ya ce ta ajiye kayan aiki ta zauna a benci cikin mata masu jira, ta yi gaisuwa kawai. Ranar farko ta zauna kamar wadda aka kai ƙara. Kafin su tafi na ji ta tana musu da wata Bafulatana a kan wace saniya ce ta fi nono, ta san su da sunayensu.

Ku da ke karatun likita, ni ban san abin da ke cikin littattafanku ba, kuma na ga ranarsu, don ba gaisuwa ce ta kashe zazzaɓin yaron nan ba, allura ce da jini da hannun da ya ƙware. Abin da na gani kawai shi ne, da Baba bai ba wata yarinya baya ya yi ta wanke hannun da ba shi da datti ba, da allurar tana cikin kwali, yaron yana hanyar ruga.

Ranar addu'ar uku muna zaune a Dingyadi, ni da Dakta Nafisa kusa da Hajiya Kulu, sai wata Bafulatana ta yi sallama da ƙwaryar nono a ka. Ta yi jiki, ta zama babbar mace, amma na gane ta. Ta sauke ƙwarya, ta durƙusa ta yi gaisuwa. Can bakin zaure wani yaro dogo ya tsaya da 'yar sandarsa, tare suka zo amma ba ta ko waiwaye shi ba. Ta ce wa Hajiya, "Allah shi jiƙan Likita. Ya taɓa yi ma ɗan wasu mutane alheri."

Na ji Dakta Nafisa ta ja numfashi. Ta dubi yaron, ta kawar da kai, ta dubi bango. Ta ce, "Sannu da hanya. Ya shanu? Ya tsohuwa? Ɗan mutanen fa, ko kin ji labarinai?"

Matar ta gyara mayafi ta rufe bakinta, amma idanunta sun tona ta. Ta ce, "An ce shina lahiya. An ce har ya hwara kiwo."

Ya Allah, bawanka Lawali ya zo gare ka, kai ne mafi sanin abin da ya aikata. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya yi ya zama kaffara. Yadda ya suturta kunyar bayinka, ka suturta shi ranar da asirai ke tonuwa. Ka sa duk ran da aka ceta ta hannun waɗanda ya koyar ya zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka ba Hajiya Kulu da 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, ka tsaya musu, ka albarkaci bayansa. Yaranmu masu neman wannan ilimi ka ba su hannu mai albarka da zuciya mai tausayi. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.